Daminar Aradu a Gonar Tudu

Shekaranjiya da la'asar ina kan rufin wani gida a nan Gummi ina ɗaure farantan sola, sai iska ta juya. Zafin da ya wuni yana dafa mu ya ɗauke lokaci guda, gabas ta yi baƙi ƙirin, aka fara jin cida daga nesa. Na tattara kayan aikina na sauko. Mai gidan ya ce ai saura kaɗan, in daure in ƙarasa. Na ce masa gobe ma rana ce. Ya yi ta mita. Na tsaya a zauren gidan tare da wasu dattawa 'yan ƙauyukanmu da suka yi gudun hijira zuwa garin nan, muna kallon ruwan farko yana sauka. Babu wanda ya yi zancen iri ko shuka. Dukkanmu 'ya'yan manoma ne, amma babu mai gonar da zai iya zuwa. Ƙamshin ƙasar da ya taso ne ya mayar da ni daminar da muka rasa Baba.

Fiye da shekara goma ke nan. Ƙauyenmu yana ƙasar Bukkuyum, ba nisa da Nasarawa Burkullu, inda nake zuwa sakandaren jeka-ka-dawo a kan keken Baba. Ina aji biyar a lokacin. Ni ne ɗan fari, sai ƙanwata Kulu da ƙananan yara biyu. Daminar da ta gabaci waccan ruwa ya ɗauke da wuri, gero bai cika ido ba, saboda haka tun tsakiyar bazara in ka leƙa rumbunmu sai ka hangi gindinsa. Inna ta daina dama fura da rana. Tuwon dare shi ne ɗumamen safe, ɗumamen kuma shi zai kai mu har wata magaribar. Zafi ya yi tsanani har kaji suna sakin baki a ƙarƙashin rumbu. Rijiyar gari ta ja baya, mata suna sammako su zauna a bakinta suna jiran ruwa ya taru. Ni da Baba muka share gona, muka ƙone kara, muka yi ta kai taki a kan jaki, ƙasa tana ƙuna a tafin ƙafa.

A cikin wannan bazarar ce rigima ta tashi tsakanin Baba da Baffa Ila, ɗan ƙanen kakanmu. Babbar gonarmu tana arewa da gari a kan wani tudu, ana ce mata Gonar Tudu, ta yi iyaka da ta Baffa. A tsakaninsu akwai wata doguwar ɗorawa, ita kaɗai a duk filin. Shekara da shekaru matan gidajen biyu suna kaɗe ta tare su raba kalwa, babu wanda ya taɓa tambayar ta wane ce. Yunwa ce ta kawo tambayar. Baffa ya ce ɗorawar tana cikin gonarsa, Baba ya ce tana cikin tamu, har da 'yan kunyoyin da ke bayanta. Aka je gaban mai gari. Tsofaffin da suka raba gadon duk sun rasu, babu shaida. Mai gari ya ce sai rantsuwa. Baffa ya sunkuyar da kai ya ce shi ba zai dafa ba. Baba ya tashi ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani. Aka ba mu ɗorawa.

Ba a daɗe ba ruwan shuka ya sauka. Muka fita duk gidan, Baba yana sara da sungumi, ni da Kulu muna bin sa muna zuba iri muna takewa da ƙafa. Gero ya tsiro kore shar a kan jar ƙasa. Baba ya fara noman farko shi kaɗai da safe, ni kuma in tarar da shi in na taso daga makaranta.

Ran da abin ya faru muna aji hadari ya taso. Ruwan bai ma yi yawa ba, amma an yi wata tsawa da ta girgiza kwanon rufi. Aka yi salati, aka yi dariya, aka ci gaba da karatu. Har yau ban sani ba ko ita ce. Ruwa yana ɗaukewa sai ga maƙwabcinmu a kan mashin, jikinsa duk laka, ya tsaya a ƙofar aji ya ce in zo. Bai kai ni gida ba, gona ya nufa da ni.

Na tarar da mutane sun yi cirko-cirko daga nesa. Baba yana kwance a gindin ɗorawar inda ya fake saboda ruwa, hauyarsa a gefe. Ɓawon itacen ya tsage tun daga sama har ƙasa, farin cikinsa a waje. Takalminsa ɗaya ya faɗa can cikin gero. Wurin yana warin ƙonannen gashi. Babu wanda ya taɓa shi. Wata tsohuwa ta aika a samo madara, wai wutar aradu ba ta mutuwa sai da ita. Sai da liman ya iso ya tsawata, ya warware rawaninsa ya rufe masa fuska, sannan aka ɗauko shi.

Tun a zaman makoki na fara jin maganar. Ba a faɗi a gabana, amma zana ba ta tare murya. Mutum ya dafa Littafi a kan itace, ba a je ko'ina ba aradu ta same shi a gindin itacen, to me ya rage a tambaya? Liman ya yi magana a masallaci, ya ce ajali ne, kuma zato zunubi ne. Mutane suka ce haka ne, Allah gafarta malam, suka koma gida suka ci gaba. Inna ta shiga takaba. Matan da suka saba shigowa ɗibar wuta ko aron turmi suka ragu, waɗanda suka shigo kuma ba su zama.

Ciyawa ba ta san makoki ba. Kafin a yi sadakar bakwai harƙiya ta fara rufe gero. Baba bai taɓa ƙin gayyar kowa ba a garin nan, saboda haka na bi gida gida na kira gayya. Kowa ya ce in Allah ya yarda. Inna ta sa aka sayar da akuyarta aka auno hatsi, ita da Kulu suka yi surfe da daka, suka tuƙa tuwo mai yawa, suka dama fura cike da babbar ƙwarya. Na riga kowa zuwa gona. Rana ta fito, ta ɗaga, ta zo tsaka. Kawuna, wan Inna, ya zo daga Adabka da ɗansa. Maƙwabcinmu mai mashin ya zo ya ɗan taɓa ya ce yana da uzuri. Shi ke nan. Ina hango mutane a kan hanya da hauya a kafaɗa, in sun zo daidai gonarmu sai su ratse su bi ta fadama. Da yamma ni da Kulu muka ɗauko tuwon muka mayar gida. Muka yi ta cinsa har ya yi tsami ya fara yauƙi, sauran Inna ta farfasa ta shanya a faifai. Ba ta kiran sunana saboda ni ne ɗan fari. Ta ce, "Kai, wanga, gobe ka koma makaranta. Gona ka je da marece."

Malaminmu na Fiziks sunansa Malam Danladi, mutumin Zuru ne, Kirista, ya daɗe a ƙasarmu. Ya zo mana ta'aziyya, yana cikin 'yan kaɗan da suka zauna har suka sha ruwan gidanmu. Da farko 'yan aji ba su son darasinsa, don ba ya cika allo da rubutu mu kwafa kamar sauran malamai. Sai ya shigo da wani abu a hannu, ya aza a kan tebur, ya yi tambaya, ya koma ya zauna. Wata rana 'yar randa ya kawo da bokitin roba, ya ce don me ruwan wannan ya fi na wancan sanyi. In ka ba shi amsa sai ya ce, "Ta yaya ka sani? Gani ka yi ko ji ka yi?" Makarantar ba ta da ɗakin gwaji, ba ta da wuta. Abin da yake da shi wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ce mai tsagaggen gilashi, da wayarsa mai kyamara. In ya je Gusau sai ya sauko da bidiyoyi ya zo mana da su, don a wajenmu sai an hau tudu ake samun sabis. Shagon mai cajin waya yake kai kwamfutar ta sha wuta.

A makon da na koma, darasin lantarki ake yi. Ya sa muka goga biro a gashin kanmu muna ɗaukar 'yan guntayen takarda, yana tambayar me ke jan su. Daga nan magana ta kai ga walƙiya. Sai Lawali, wani ɗan ajinmu da ba ya tauna magana kafin ya faɗa, ya ɗaga hannu.

"Malam, gaskiya na aradu tana bin wanda yay yi rantsuwar ƙarya?"

Wani ya zungure shi, sai a lokacin ya tuna ina wurin. Na kafa ido a kan benci. Malam Danladi ya ce za mu dawo kan wannan, ya ci gaba da biro da takarda.

Da aka tashi ya kira ni gindin dogon yaro.

"Habu, ka ji tambayar Lawali. Duk garin nan ana yin ta, shi ne kawai ya yi ta da ƙarfi. Abin da ke tsakanin mutum da Ubangijinsa ba ni da ta cewa a ciki. Amma inda aradu take faɗuwa, wannan ana iya zuwa a duba. In ka yarda, zan sa aji su duba. In ba ka so, na bar ta, ba wanda zai sake tayar da ita a ajina."

"In an duba mi za a gani, Malam?"

"Ban sani ba tukuna. Ina da zato, amma zato ba gani ba ne."

Na ce a duba. A raina na riga na yanke abin da za a gani.

Ya raba mu bisa ƙauyukanmu. Kowane rukuni zai tambayi tsofaffi duk inda aka taɓa sanin aradu ta faɗi, sannan a je wurin da ƙafa a ga mene ne a wurin, me ke kewaye da shi, me ta samu. Wayarsa yake ba mu bi da bi mu ɗauko hoto, a naɗe cikin leda saboda ruwa. Azumi ya kama a daidai lokacin, don a shekarar a tsakiyar damina ya faɗo. Sai ya zamana da safe makaranta, bayan azahar gona, Asabar da Lahadi kuma yawon tambaya, duk da baki a bushe. Sahur ɗinmu kunu ne tsararo, buɗa baki kwaɗon rama ko na tafasa, da ɗan ƙuli-ƙuli in an samu. Inna takan ce ta ci nata tun a madafa, mun san ba ta ci ba. Ina noma ina ganin duhu-duhu, in na miƙe tsaye sai gonar ta juya. In ruwa ya sauka ina gona nakan rufe baki gam don kada ɗigo ya shiga, ina jin sa yana bin wuyana.

Ni da Lawali aka haɗa, don ƙauyensu yana kusa da namu. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba, amma shi ke tuƙa keken ina baya. Mun ga giginya a bakin gulbi wadda kanta ya ƙone, ta tsaya kamar tabarya. Mun ga kukar da ta rabe biyu a kan hanyar Gwashi. Sannan muka je rugar Arɗo Bello, wani dattijon Bafulatani da aka ce aradu ta taɓa kashe masa shanu. Ya kai mu wani fako ya nuna mana kututturen maɗaci.

"Nan sunka taru suna fakewa," ya ce. "Tsawa guda. Da na iso na iske su kwance kamar an jera su."

Lawali ya ce, "Arɗo, to a ganinka mi ya jawo?"

Arɗo ya dube shi, ya dube ni. Da alama ya san ɗan wane ne ni.

"Ikon Allah na. Amma nagge ba ta rantsuwa, ɗana."

Ranar na koma gida ina jin ƙarfi a ƙafata. Na faɗa wa Inna. Ta ce Allah ya mayar masa da alheri, ta ci gaba da tsinke rama.

Da kowa ya kawo nasa, Malam Danladi ya zuba hotunan a kwamfuta. Muka rufe tagogi da tabarmi don a gani sosai, muna zuwa kaɗan kaɗan gaban tebur. Sai da muka gaji da kallo, sannan Malam ya ce mu faɗi abin da ya haɗa su. Wata yarinya mai suna Saratu ta ce duk dogaye ne. Wani ya ce kuma kowanne shi kaɗai yake tsaye a fili. Har da sandar lasifikar wani masallaci a ciki. Amma akwai hoto guda da ya ƙi shiga sahu. Wani gajeren ɗaki ne a tsakiyar gari, kewaye da itatuwan da suka fi shi tsawo, aradu ta faɗa masa ta kashe wata tsohuwa a ciki. Na ce a cire shi, wataƙila masu ba da labarin sun ruɗe.

"Don me za a cire?" in ji Malam.

"Ya ɓata sauran."

"Ya ɓata sauran, ko ya ɓata abin da kake so su ce? A bar shi. Sai dai mu gyara maganarmu, mu ce galibi, kada mu ce kullum."

Daga nan ya ce kowa ya faɗi yadda yake zaton walƙiya take saukowa. Yawancinmu muka ce kamar jifa, daga sama kai tsaye zuwa kan abin da aka nufa. Wasu suka kawo zancen gatarin aradu da ake cewa ana tonowa a ƙasa. Sai ya kunna wani bidiyo da aka ɗauka da kyamarar da ke rage gudun abu. Muka ga haske yana fitowa daga gajimare a hankali, yana rarrabuwa kamar saiwar itace, kowane reshe yana laluben hanya, yana tsayawa, yana karkata. Da ya kusa ƙasa sai wani siririn zare ya taso daga kan wata doguwar bishiya ya tarye shi. Suna haɗuwa gilashin ya yi fari fat. Ya mayar baya ya sake kunnawa, 'yan aji suna cewa a ƙara. Ni ba bishiyar cikin bidiyon nake gani ba. Ɗorawarmu nake gani, da mutum a gindinta ya jingine hauya yana jiran ruwa ya ɗauke. Na fita na zagaya bayan aji na tsuguna. Ban koma ajin ba.

A can Malam ya same ni bayan an tashi. Na miƙe na ce, "Malam, yanzu sai ka zo garinmu da kwamfutar ga. Ka nuna ma mai gari da mutane, ka gaya masu Baba bai yi ƙarya ba."

"Zan iya zuwa in nuna masu abin da kuka samo," ya ce. "Zan iya ce masu duk wanda ya tsaya a gindin ɗorawar nan a ranar, mai gaskiya ko maƙaryaci, haɗarin da yake ciki ɗaya ne, kuma mutuwar babanka ba shaida ba ce a kansa. Wannan zan faɗa a gaban kowa."

"To ai shi ke nan."

"Ba shi ke nan ba. Kai so kake in ce iyakar tana inda ya ce. Wannan ba mu duba ba, Habu. Hotunan nan ba su san iyakar gonarku ba. In na ce sun sani, na zama ɗaya da masu cewa aradu ta sani."

Na ce masa ashe wahalar banza muka sha. Ya ce in yi haƙuri. Na hau keke na tafi ban yi masa sallama ba. Hanya duk laka, ina tuƙi ina kuka, don tambayar da ban taɓa bari ta shigo raina ba ta shigo. In aradu ba ta tabbatar da ƙarya ba, ai shanun Arɗo ma ba su tabbatar da gaskiya ba. Da aka sha ruwa na zauna kusa da Inna da nufin in tambaye ta abin da ta sani game da iyakar. Na dubi fuskarta yadda ta faɗa, na kasa.

Zuwan nasa garinmu da kwamfutar ma bai yiwu ba. Wasu iyaye suka kai ƙara wurin shugaban makaranta, wai malamin da ba musulmi ba yana tura yara cikin azumi suna tonon al'amarin Allah. Shugaban ya kira shi ya ce ya tsaya a kan littafi, jarrabawa ta kusa. Sauran makonnin zangon Malam Danladi ya cika allo da rubutu muna kwafa, kwamfutar ba ta sake shigowa aji ba. Ajin ya yi shiru irin wanda ba mu saba ba.

Asabar ɗin farko bayan an ba da hutu ina gona ni kaɗai sai na ji ƙarar mashin. Malam Danladi ne, ya goyo Lawali, a bayansu wasu 'yan ajinmu a kan kekuna, kowa da hauyarsa. Ba wanda ya yi dogon bayani. Malam ya naɗe ƙafar wando ya kama kunya kusa da tawa, kuma ya iya noma, don ba a koya wa mutumin Zuru wannan. Duk wunin bai sha ruwa a gabanmu ba. Bayan azahar hadari ya haɗu, na ga yara biyu sun nufi ɗorawa da gudu. Lawali ya kira su suka juyo, muka ajiye hauyoyi muka gangara gari cikin ruwa. Mutane suna daga zauruka suna kallonmu. Washegari mutum biyu daga cikin waɗanda suka ƙi gayyata suka zo suka yi mini wuni guda. Ba a ƙara samun na uku ba.

An riga an makara. Geron da ciyawa ta shaƙe tun yana ƙarami ba ya miƙewa. Aka yi sallah muna cikin tsofaffin tufafinmu. Marka ta zo, kwana da kwanaki ba a ga rana ba. Bangon ɗakin Baba ya zube, itace ya jiƙe, Kulu tana hura wuta hayaƙi yana sa ta hawaye, tabarmi duk suna warin raɓa. Hatsi ya ƙare ƙaf, muka koma dusa da tafasa. Ƙaramin ƙanena ya kwanta da zazzaɓi har muka fid da rai, Allah ya tashe shi. Da gero ya fara ido sai muka riƙa karyo tumu muna gasawa tun bai nuna ba. Da kaka, damman da muka ɗaure ba su kai na shekarar da ake kuka da ita ba. A lokacin ne Inna ta fita takaba. Ta je gonar, ta tsaya daga bakin hanya ta dubi ɗorawar, wadda rabinta ya bushe, ta juyo gida.

Ban koma aji shida ba. Da rani na bi samari zuwa ramukan zinariya na ƙasar Anka don gida ya samu abin ci. Malam Danladi ya aiko Lawali ya ce in dawo, zai san yadda za a yi. Na ce sai baɗi. Baɗin ta zo ta wuce. Hanyoyi suka fara lalacewa, ana tare mutane ana kore shanu, daga baya ana tafiya da mutanen su kansu. Malamai baƙi suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, shi ma ya koma gida. Ban sake ganinsa ba. Bayan wasu shekaru mu ma muka kwashi abin da za mu iya ɗauka muka yo Gummi, inda na koyi aikin sola. Gonar Tudu da ta Baffa yanzu sun haɗe sun zama daji, an ce sabara ta fi mutum tsawo.

Yanzu yara da yawa a garin nan suna da waya a hannu. Irin bidiyon da muka rufe tagogi muka yi layi muna kallo, na taɓa nemo shi na nuna wa ɗan maƙwabcina da ke sakandare. Ya kalla ya ce ya yi kyau, ya shafa ya wuce na gaba. Na tambaye shi me ya gani, ya ce walƙiya.

Baffa Ila ma a Gummi yake, a wani gida da ba a gama ginawa ba, 'ya'yansa sun watse neman abinci. Mun daɗe muna gari ɗaya gaisuwa kawai ke haɗa mu. Tun bara ƙafafunsa suka kumbura, ya daina fita. Da Inna ta ji halin da yake ciki sai ta fara zuba tuwo a kwano tana cewa in kai masa. Na kai sau da yawa, in ajiye in fito. Wata rana da kakar bara na zauna. Yana ci a hankali. Na jira ya gama.

"Baffa, ina son in tambaye ka wani abu, don Allah ka gaya man gaskiya. Ɗorawar nan, cikin gonar wa take?"

Ya goge hannunsa.

"Habu, ban sani ba. Da anka raba ma iyayenmu gadon nan, ni da babanka duk muna yara. Ni na ji daga bakin ubana, shi ya ji daga bakin nashi. Da anka ce in dafa, tsoro naj ji, don ban gani da idona ba. Shi bai ji tsoro ba. Ko ya san abin da ban sani ba, ko zuciya ta ɗebe shi, Allah kaɗai ya sani."

"To da mutane sunka ce aradu ta kama shi, mi ya hana ka faɗi haka?"

"Ba ni nac ce ba. Mutane sunka ce."

"Amma ka yi shiru."

"Na yi shiru," ya ce. Ya turo mini kwanon.

Na dawo gida na tarar da Inna tana tankaɗe a tsakar gida. Na tsuguna na faɗa mata yadda muka yi, ban rage komai ba. Ba ta daina tankaɗen ba har na kai ƙarshe.

"Ya cinye tuwon?" ta ce.

Na ce ya cinye.

"To gobe ka kai mashi da wuri, tun da zafinshi."